Japheth Yana da Shawara

Ni ba mace ce mai saurin firgita ba. Duk wanda ya san ni a Sabon Gari zai shaida haka. Na koyar da 'yan aji ɗaya har na yi ritaya, kuma macen da ta yi wannan aikin ba ƙaramin abu ke girgiza ta ba. Amma akwai wata kalma guda da idan na ji ta sai ta girgiza ni, ita kuwa surukata ta jefo mini ta waya, ranar wata Laraba, ina tsaka da tsintar shinkafa.

Sunanta Chenda. Ɗana Japheth, wanda shi kaɗai Allah ya bar mini, ya tafi buga ƙwallo wata ƙasa wai ita Kambodiya, ƙasar da sai da na ɗauko taswira kafin na yarda akwai ta. Ya daɗe a can, gwiwarsa ta gaji, ya dawo mini da jakunkunansa da mata. Suka kama haya a Samaru, shi yana koya wa yaran wata makaranta ƙwallo, ita kuma tana koyon Hausa da ƙarfin tsiya a bakin maƙwabta da 'yan kasuwa da duk wanda ya yi kuskuren tsayawa kusa da ita. 'Yar firit ce, idan za ta gaishe ni sai ta haɗa tafin hannuwanta a ƙirji ta sunkuya. Ina son yarinyar, kar wani ya yi mini wata fassara.

"Mama, ina wuni, ina gajiya, yaya gida, yaya aiki." Haka take jero gaisuwa ba ta jiran amsa, don kar wata ta ɓace mata a hanya.

"Lafiya lau, amarya. Yaya maigidan naki?"

Ta rage murya. "Mama, zan faɗa miki magana. Amma kar ki ce wa Japheth na faɗa. Kin yi alkawari?"

Na ce na yi.

"Japheth yana da shawara."

Faifan ya suɓuce daga cinyata, shinkafa ta watse, kaji suka yo kanta. Ban ko kore su ba.

Dole in faɗi dalili. Shawara ce ta kashe mijina Julius. Ma'aikacin reluwe ne, mutum ne mai ɓoye ciwo kamar abin kunya. Ya daɗe yana dafa ganyaye da saiwoyi a wata tukunyar ƙasa a bayan gida, idan na tambaya ya ce shayi ne. Ya sayi baƙin tabarau, ya ce rana ke damunsa. Ranar da na fizge tabarau ɗin, idanunsa sun yi rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Muka kai shi asibiti, likita ya duba ya ce mun makara. Muka dawo da shi, ya ce a kwantar da shi a ɗakin gaba, wanda ƙofarsa ke kallon titi, don yana so ya riƙa jin hayaniyar mutane. A nan ya cika. Na tura tukunyar nan ƙarƙashin gadonsa, don na kasa fasa ta kuma na kasa kallonta, na kulle ɗakin, na jefa mabuɗin a ƙasan akwatina. Tun daga lokacin ni da launin rawaya muka raba gari. Atamfofina masu ruwan ɗorawa duk na kyautar, ko kori ba na sa wa shinkafa.

"Mama? Kina ji?"

"Tun yaushe yake da ita?"

"Tun muna Kambodiya. Ta daɗe a cikinsa. Yanzu ta yi girma, ba ya barci sosai, yana ta juyi."

"Kun je asibiti?"

Na ji tana juya kalmar a bakinta. "Asibiti? A'a, Mama. Kasuwa zan je. Ni zan dafa komai da hannuna, irin na garinmu. Ki zo ranar Asabar. Ya ce yana jin tsoro, idan kin ji za ki yi kuka, saboda Baba."

Saboda Baba. To me ya rage kuma? Ɗan Julius ya ɗauko halin Julius har da ciwonsa, an kuma sami wata tukunya a wani bayan gida.

Nan take na kira shi. Ya ɗauka ina jin ihun yara a fili. "Lafiya lau, Mama, lafiya ƙalau," in ji shi, da muryar ubansa sak, da irin dariyar nan da ake yi don a toshe wa mace baki. Na tambaye shi ko yana cin abinci, ya ce har ya yi yawa. Na so in ƙara tambaya, amma ta ina uwa za ta tambayi ƙaton namiji mai aure launin fitsarinsa a waya? Ga kuma alkawarin da na ɗaukar wa yarinyar mutane. Na ajiye wayar na zauna ina kallon kaji suna cinye abincin darena.

Washegari na shiga kasuwar Sabon Gari, ba don ina bukatar komai ba, zaman gidan ne ya gagare ni. Ƙafata ta kai ni rumfar Hajiya Zubaidatu mai kayan yaji, wadda muke ciniki da ita tun muna da sauran baƙin gashi. Tana ganina ta jawo mini kujera.

"Malama, dama ina nemanki. Wa ke kwance a gidanku?"

"Me kika gani, Hajiya?"

"Amaryarku ta zo ɗazu. Ta kwashe mini ɗanyen kurkur, mai saiwar, ba garin ba. Ta sayi tafarnuwa da citta. Ta sa aka nemo mata ciyawar nan ta zazzaɓi, lemon giras, dami guda, da ganyen lemun tsami. Daga nan na ga ta nufi wajen masu zogale, ta fito rungume da ɗanyar gwanda, kore shar, ko alamar nuna babu." Ta dube ni ta ƙasan ido. "Ni dai na san abin da ake haɗa waɗannan a kansa. Allah ya sa ba abin da nake tunani ba ne."

"Amin," na ce, na miƙe. Duk abin da ta lissafa na taɓa ganinsa a tukunyar Julius, in ban da zogale.

Ranar Juma'a da yamma sai ga shi a ƙofar gidana a kan babur. Da baƙin tabarau. Na san masu babur suna sawa saboda iska da ƙwari, na sani, amma wannan sanin bai yi mini amfanin komai ba. Ya ce babban turmina ya zo ara, nasu ƙarami ne, dakan da yawa. Na tsaya ina ƙare masa kallo. Ya rame ko idona ne? Wuyansa kamar ya ƙara tsawo. Ya ɗora turmin a bayan babur yana ɗaure shi da roba, a nan na ga hannuwansa. Tafin hannu, yatsu, har gefen farce, duk rawaya.

Na dafa bango.

Da ya gama ɗaurin, maimakon ya hau ya tafi, sai ya tsaya yana kallon ƙofar ɗakin gaba. Ya daɗe yana kallon kwaɗon nan mai tsatsa. Ya yi ajiyar zuciya.

"Mama, ɗakin nan..." Ya sosa ƙeya. "Bari dai, sai gobe."

Wato har ya zaɓi inda zai kwanta. Hannuna ya ɗaga zai fizge tabarau ɗin, kamar yadda na yi wa ubansa, sai hannun ya koma da kansa. Tsoro na ji. Muddin ban gani ba, akwai sauran wani abu da zan riƙe har gobe. Na bar shi ya tafi, turmina yana rawa a bayansa.

Da ya ɓace a kwana, tsoron ya juye ya zama fushi, kuma fushi ya fi yi mini amfani. Na riga na binne mutum ɗaya saboda ganye. Ba zan zauna a yi mini na biyu da ganyen Kambodiya ba. Na leƙa gidan Baba Olusegun, maƙwabcinmu, abokin aikin Julius a reluwe, wanda yanzu yake jan tsohuwar tasi. Kowa Baba Shegun yake ce masa. Na faɗa masa komai. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Mama Jafet, gobe da safe ni da kai za mu je. Ko ya yarda ko bai yarda ba, mu ɗauke shi sai asibitin Shika. Ba za mu yi irin na wancan karo ba."

Baba Shegun ya tsufa a Zariya amma har yau bai raba mace da namiji a magana ba, kuma ranar ban damu ba.

Na haɗa jakar jinya. Tabarma, bargo, filas, kofi da cokali, bokiti, zannuwa. Filas ɗin ma shi ne dai na wancan karon. Da safe na ɗora ɗankwali ko madubi ban duba ba, muka kama hanyar Samaru. Tun daga Kwangila har muka wuce ƙofar jami'a addu'a nake yi a zuci, rabinta roƙo rabinta faɗa.

Na ce wa Baba Shegun ya jira a mota, kar ya kashe inji idan zai iya. Na tura ƙofar gidan.

Wani ƙamshi ya tare ni tun daga zaure. Lemu-lemu, da tafarnuwa, da wani abu kamar soyayyar shinkafa, a ƙarƙashinsu kuma wani wari mai nauyi da ya fi ƙarfin daddawa. Na ce a raina, maganin da ke wari haka, ciwon ba na wasa ba ne.

Chenda ta fito daga kicin da gudu, ta haɗa hannu ta sunkuya. "Mama, sannu da zuwa, ina kwana, ina gajiya. Zo ki gani!" Ta ja ni har gaban tukunya, fuskarta sai annuri, abin da ya ƙara ɓata mini rai. Mijinki na mutuwa kina washe baki? Ta buɗe murfin. Wani ruwa mai kauri, rawaya da kore, yana tafasa, ga gutsattsarin gwanda da kabewa da yalo suna juyi a ciki.

"Wannan shi ne kurung," in ji ta, tana nuna mini wani kwaɓi a kwano. "Lemon giras, kurkur, tafarnuwa, ganyen lemu, a daka a daka har ya yi laushi. Wannan kuma," ta ɗago wata 'yar kwalba, warin nan ya buge ni, "purahok. Kifi ne da gishiri, ya daɗe sosai. Daga gida na zo da shi. Babu shi, babu komai."

"Da wannan za ki warkar da shi?"

Ta dube ni. "Mama?"

"Na ce da wannan ruɓaɓɓen kifin za ki warkar mini da ɗa? Ina yake? Japheth! Japheth!"

Ya shigo daga bayan gida, taɓarya a hannu, singileti a jikinsa, gumi na zuba. Ba tabarau. Ban tsaya gaisuwa ba. Na damƙi haɓarsa na jawo kansa ƙasa, don ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, na juya fuskarsa wajen hasken taga, na sa babban yatsa na ja fatar idonsa, kamar yadda nake yi wa 'yan ajina idan sun ce ba su da lafiya.

Fari.

Na ja ɗayan. Fari tas, da 'yan jajayen jijiyoyi na hayaƙin girki. Na koma na farkon don kar a cuce ni. Fari dai.

"Mama, lafiya? Za ki cire mini ido."

"Hannunka," na ce. "Hannunka fa?"

Ya duba tafinsa kamar yau ya fara ganinsa. "Kurkur ne. Tun shekaranjiya take sa ni daka, wai sai mun gwada kafin ki zo. Ba ya fita da sabulu." Chenda ta miƙo nata, su ma rawaya. Na leƙa bayan gida, ga turmina can, cikinsa ya rine kamar an shafa masa fenti.

Na juya kan yarinyar. "Ba ke kika ce mini yana da shawara ba?"

Ta rufe baki da hannu ta saci kallon mijinta. "Mama, kin yi alkawari."

"Kin faɗa ko ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa. Yana da ita. Babba. Yau zai faɗa miki, ki ce e ko ki ce a'a."

In ce e ko in ce a'a.

A daidai lokacin Baba Shegun, wanda jira ya ishe shi, ya bankaɗo labule da jakar jinya a kafaɗa da bokiti a hannu. "Ina mara lafiya? Jafet, kar ka yi mini gardama, shiga mota!"

Na ga lokacin da abin ya faɗo wa Japheth. Bakinsa ya buɗe, ya dubi matarsa, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har taɓarya ta faɗi. "Shawara! Wayyo, Chenda, kin kashe ni da raina!" Ya juya yana yi mata bayani da yarensu, yana nuna idonsa yana nuna cikinsa. Na ga fuskar yarinyar tana sauyawa. Ta zube a gabana ta kama ƙafata. "Mama, ban sani ba. Ban san kalmar tana da biyu ba. Yi haƙuri, Mama."

Shi kuwa yana cikin dariyar idonsa ya sauka kan filas ɗin da ya leƙo daga jaka. Ya gane shi. Dariyar ta tsaya cak. Ya zo ya durƙusa kusa da matarsa.

"Tun yaushe kike ɗauke da wannan, Mama?"

"Tun Laraba, ɗan banza."

Na zauna a kan buhun shinkafa. Wani sanyi ya sauko mini daga ka har tafin ƙafa, irin wanda mutum ke ji idan zazzaɓi ya sake shi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, ko ranar da na haife shi, don ranar ban san zafin rashi ba tukuna. Na so in yi kuka, amma ga Baba Shegun tsaye da bokiti, ni kuwa ina da mutuncina.

"To," in ji Baba Shegun, yana shaƙar iska, "tunda ba mai mutuwa, wannan magani ana ci ne ko ana sha?"

Aka shimfiɗa tabarma, tabarmar jinyar tawa, don ita ce kusa. Chenda ta kawo farar shinkafa, ta zuba wa kowa miyar a kwano. Ta ce sunanta samlo kako. Na dubi kwanon. Rawaya. Rabona da in sa abu mai wannan launin a bakina tun Julius na da rai. Yarinyar tana tsugune tana kallona, idanunta har yanzu da hawaye. Na ɗauki cokali.

Ban san yadda zan kwatanta ba, amma zan gwada. Miyarmu idan ta shiga baki gaba ɗaya take shigowa, ka san da wa kake magana. Wannan kuwa bi da bi take zuwa. Ƙamshin lemu ne ya fara gaisawa. Kafin in amsa, sai ga zaƙin kabewa, sai ɗan ɗacin zogale da yalo, sai ƙamshin shinkafar da aka soya aka niƙa aka kaɗa a ciki. Akwai tarwaɗa a ciki, ta dahu har tana narkewa. Kifin nan mai wari da na zaga ɗazu, na neme shi na rasa, ashe ya koma ƙasa ya tallafe komai, yadda daddawa ke yi idan mai girkin ta san hannunta. Ciyawar da na sani a tukunyar marasa lafiya, ga ta nan ta zama abinci. Na kai cokali na biyu ban sani ba.

"Da daɗi, amma ba yaji," na ce, don kar kan yarinyar ya kumbura. "Mu nan Sabon Gari da Yarbawa muka tashi, ba a yi mana girkin jarirai."

"Faɗa masa!" in ji Baba Shegun.

Chenda ta miƙo wani ɗan kwano. Ruwan lemun tsami ne da gishiri, da masoron ƙasarsu da aka daka, da barkono tsiduhu yankakke yana iyo a sama. "Mu a gefe muke sawa, Mama. Kowa da ƙarfinsa. Kaɗan-kaɗan."

"Mama, kaɗan fa ta ce," in ji Japheth.

Wa zai koya mini cin yaji? Na kamfato cokali guda na juye a kwanona, na gauraya, na kai baki. Da farko tsami ne kawai, har na fara murmushin raini. Sai masoron ya buɗe mini hanci. Sai tsiduhun ya iso daga baya, ba sallama, ya kama harshe, ya hau kunnuwa, ya fito ta ƙoƙon kai. Ɗankwalina ya jiƙe. Na dubi Baba Shegun, wanda ya zuba fiye da nawa don kare sunan kakanninsa, na ga ya cire hula yana fifita baki da ita yana kiran sunan Yesu da Yarbanci. Amma ko ɗayanmu bai ajiye cokali ba, don yajin bai kashe ɗanɗanon ba, tashe shi ya yi.

Hawaye suka ɓalle mini. Na bar su. Suka yi ta zuba, na Laraba da na Alhamis da na Juma'a, har da waɗanda suka girme su.

"Barkono ne," na ce.

"E, Mama, barkono ne," in ji Japheth, ya miƙo mini ruwa. Shi ma nasa idon ya cika, alhali ko taɓa ɗan kwanon bai yi ba.

Sai da na ga ƙasan kwano na biyu sannan na share fuska. "To, ina jinka. Kawo shawarar taka, tunda ta kusa kai ni kabari."

Ya gyara zama, ya dubi tabarma. Ya ce tun suna can yake tunanin abin. Chenda ta iya girki, mahaifiyarta abinci take sayarwa a bakin kasuwa, a nan ta tashi. Zaman gida yana cinta a Samaru, ba uwa ba dangi. Suna so su buɗe ɗan wurin cin abinci, tebur kaɗan, ita da tukunyarta. Sun duba wurare, babu wanda ya kai Sabon Gari, inda bakin mutane ya saba da abincin kowace ƙabila. Kuma akwai wani ɗaki da ƙofarsa ke kallon titi.

Ya kasa ƙarasawa.

"Ɗakin Baba," in ji Chenda a hankali. "Idan kin ce a'a, Mama, shi ke nan. Ba fushi."

Gaskiya ita ce, da ranar Talata suka zo mini da wannan maganar, da na kore su da tsintsiya. Ɗakin mijina, a mai da shi wurin da ƙattin kasuwa za su zauna suna suɗe hannu? Amma jiya-jiyan nan na tsaya a ƙofar gidana na ga ɗana yana kallon ɗakin, na kuma gama shimfiɗa masa gado a ciki a zuciyata. Na ga inda zan ajiye filas. Na ga inda zan zauna. Yanzu kuma ana tambayata ko zan yarda a sa tebur da tukunya.

"Baba Shegun," na ce, "motarka tana nan?"

"Tana nan, Mama Jafet. Shika?"

"Sabon Gari."

Mabuɗin yana inda na jefa shi. Kwaɗon ya ƙi, sai da Baba Shegun ya ɗiga masa man inji. Na tura ƙofar da kaina. Ƙura, da yanar gizo, da gadon ƙarfe, da kalandar reluwe ta shekarar da ya tafi. Tabaransa yana kan taga. Ɗakin ya fi yadda nake tunawa ƙanƙanta. Na buɗe tagar, hayaniyar titi ta shigo, masu Keke Napep da mai rake da rediyon mai gyaran takalmi, duk abin da Julius ya ce yana so ya riƙa ji, ni kuma na toshe masa shekara da shekaru. Na yi kewarsa a lokacin, kewa mai tsanani, amma ba ta kayar da ni ba. Japheth ya zo ya tsaya kusa da ni, na kama hannunsa mai rawayar nan na riƙe. Ƙamshin lemu da tafarnuwa yake yi.

Chenda ta riga ta naɗe zani ta ɗauko tsintsiya. Ta sunkuya za ta share ƙarƙashin gado, sai na ji wani abu ya gurgura. Ta jawo shi waje, ta hure ƙurar, ta ƙwanƙwasa gefensa da yatsa tana saurare.

"Mama, tukunyar ƙasa! Ba ta fashe ba. A garinmu a irin wannan ake dafa samlo kako, ya fi daɗi." Ta ɗago ta da hannu biyu. "Ta waye? Zan iya dafawa a ciki?"

Japheth ya buɗe baki zai hana ta. Na matse hannunsa.

Na daɗe ina kallon tukunyar. Har yanzu da baƙin hayaƙin bayan gida a gindinta.

"Ta surukinki ce," na ce. "Ɗauki, 'yata. Ki wanke ta da kyau. Kuma duk abin da za ki dafa a ciki, a gaban gida za ki dafa shi, inda kowa zai gani."